Addar Munzali a Gonar Masoro

Akwai wani mai sayar da kayan yaji a kasuwar Daura, sunansa Munzali. Dogo ne, mai gyararren gemu, hula kullum a karkace. Na san masu neman magana a shafin nan za su ce da ni yake kama. To kyau dai ba laifi ba ne, ku bar ni in ba da labarina.

Munzali da hancinsa yake taƙama. A rufe masa ido a miƙo kimba, zai gaya maka ta bana ce ko ta bara. Shekara ashirin yana auna masoro da citta, amma bai taɓa ganin ko ɗaya a jikin uwarsa ba.

Shekara biyu da ƙaddamar da shari'a a jiharmu, amininsa Ɗantsoho, mutumin Zango da ya daɗe a kurmi, ya gayyace shi gonarsa ta kayan yaji. A kan tudu take, ba takin zamani, ba feshi.

Wurin ya yi wa Munzali daɗi. Ga inuwar goro, ga ruwa na gangarowa ta bayan ɗaki, ga doyar da Kande matar Ɗantsoho ke kirɓawa. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai: ganye zube ko'ina ba shara, ga wani yaɗo ya nannaɗe itatuwa har sama.

"Ɗantsoho, wannan gona ce ko jeji? A Zango fa aka haife ka."

"Ka huta tukuna, mutumina. Gobe in na dawo daga kasuwa zan zaga da kai, in nuna maka komai."

"Ni za a nuna wa kayan yaji? Allah ya sawwaƙe."

Washegari sanyin tudu ya saka masa mura, hancin nan ya toshe ruf. Da Ɗantsoho ya gangara kasuwa, Munzali ya ce baƙon kirki ba ya ci ya kwanta. A garinsu, duk abin da ya hau itace yana shan ruwansa, sare shi ake yi. Ya ɗauki adda ya shiga gona.

Kafin hantsi ya sare yaɗon itace goma sha ɗaya, ya jawo ya tara wuri guda. Ya ga wasu jajayen 'ya'ya ƙanana a jiki, ya ce abincin tsuntsaye ne.

Ya dawo yana share gumi, yana jiran yabo. Kande ta kawo masa shayi mai citta saboda murar. Kurɓa uku, hanci ya buɗe. Ya ɗaga hannu zai goge baki, sai ya tsaya cak. Ya sake shinshina tafinsa.

"Kande, a ina kuke ajiye masoro?"

"Ai ba mu tsinka ba tukuna, Malam. Yana can jikin itatuwa, sai wata mai zuwa."

Munzali ya ajiye kofi a hankali.

Da Ɗantsoho ya dawo, Munzali bai jira a tambaye shi ba. Ya kai shi gaban tarin, ya cire hula ya riƙe a hannu. Ɗantsoho ya daɗe yana kallo. Shekara huɗu ya yi yana rainon yaɗon nan, kuma bana ne zai fara cin moriyarsa sosai.

"Ka yi mini duk abin da ka ga dama," in ji Munzali. "Ko gaban alƙali ne, mu je."

"In ce masa me? Baƙona ya yi mini aikin gayya?" Ɗantsoho ya tsuguna ya ɗaga reshe ɗaya yana dubawa. "Ka yi sa'a damina ce. Miƙo addar nan."

Ya yanka reshen guntu-guntu, kowane da gaɓa uku, ya soke ɗaya a gindin itace ya rufa masa ruɓaɓɓen ganye.

"Haka ake dasa shi. Wannan ganyen da ka ce ƙazanta ne, shi ne takinsa. Kwana nawa ka ce za ka yi mana?"

"Uku."

"Sun zama goma sha biyu."

Haka Munzali ya kwashe kwana goma sha biyu a durƙushe yana dashe, yana tambayar sunan kowane ganye kafin ya taɓa. Da yamma su zauna kan dutse suna cin gasasshiyar ayaba, Kande na tsokanarsa: "Sarkin hanci, yau me ka shinshino mana?" Ya rame kaɗan, amma bai taɓa barci mai daɗi irin na kwanakin ba.

Bayan shekara uku, direban motar goro ya sauke masa buhun masoro a bakin rumfa, saƙo daga Ɗantsoho. Daga itace goma sha ɗaya, yaɗon ya kama fiye da sittin.

Har yau in ka je sayen masoro wurinsa, zai gyara hula ya ce, "Wannan da hannuna na dasa shi." Gaskiya ya faɗa. Zancen adda ne dai ba ya kawowa. Yadda aka yi na san wannan ɓangaren, kada wanda ya tambaye ni.

Darasi: Sanin abu a faifai daban, saninsa a gona daban, don haka ka tambayi mai wuri kafin ka gyara masa wurinsa. In kuma aka yi maka ɓarna da kyakkyawar niyya, yi haƙuri ka duba abin da za a iya dasawa. Ku tura wa 'yan uwa. Na makon jiya kun karanta kun wuce kamar ba ku gani ba, ina sane da ku.