Ramin Da Jan Biro Ya Matsar

Akwai wani hedimasta a Kafanchan, Malam Bartholomew, da ya gina sabon gida a shekarar 1975. Mutum ne da ba a yi masa gyara, shi ke yi wa kowa. Jan bironsa kullum yana aljihun gaba, ko sanarwar coci ba ta tsira daga gare shi ba.

Ya ce gidansa sai bandakin zamani, mai ja da ruwa. Aka kawo masa Mijinyawa mai aikin famfo, wanda ya shekara ashirin yana haɗa bututu.

Mijinyawa ya zaga filin, ya zana aikin a takarda da fensir. Ramin sokawe, inda ƙazantar bandaki ke taruwa, ya sa shi a gaban gida, can gangare, nesa da rijiya.

Hedimasta ya duba, ya zaro jan biro.

"A gaban gida? Inda Fasto da baƙi za su zauna ranar keɓe gida? Mayar da shi baya."

"Malam, rijiya tana baya," in ji Mijinyawa. "Taku shida ne tsakani, kuma ramin zai zauna a tudu. In damina ta nutsa, abin da ke cikinsa rijiya zai gangara."

"Shekara goma sha biyar ina koyar da tsabta. Kai aji nawa ka yi?"

Ya soke zanen, ya zana ramin a baya, ya sa hannu a ƙasa kamar mai duba jarrabawa. Mijinyawa ya ninke takardar ya sa a aljihu. Ya san gaskiya, amma ya haɗiye ta ya yi aikin. Wannan shirun nasa abin takaici ne har yau.

Aka keɓe gida da addu'a. Zumuntar matan coci suka yi waƙa, baƙi na bin layi don su ja sarƙar bandaki su ji ruwa ya zubo.

Da watan Agusta ya kama, matarsa Regina ta same shi.

"Baban Irene, ruwan rijiyan nan ya canja fa. Yana wari."

"Sabon siminti ne. Zai wuce."

Bai wuce ba. Irene, 'yarsu mai shekara biyar, ta kama amai da gudawa. Kwananta uku a asibiti, ta rasu ranar Lahadi da safe.

Duba-gari ya zo gidan, ya zuba bular wanki mai yawa a bandaki ya ja ruwa. Bayan kwana biyu guga ya fito daga rijiya da shuɗin ruwa.

Hedimasta ya kai ƙarar Mijinyawa gaban mai unguwa.

"Mutumin nan ya kashe mini 'ya da aikin banza," in ji shi.

Mijinyawa bai yi musu ba. Ya fito da takardar nan ya shimfiɗa a tabarma.

"Ranka ya daɗe, ina da nawa laifin. Na sani, kuma na haƙa. Da shi zan shiga kabari. Amma fensir ne kawai nawa a nan."

Regina, da ke zaune a wurin, ta ɗauki takardar. Ba ta taɓa jin labarinta ba, amma rubutun mijinta ko a ina ta san shi. Ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙa masa.

"Baban Irene, karanta mana. Kai ne mai ilimi."

Ya riƙe takardar da hannu biyu, idonsa a kan jan zanen da sa hannunsa.

Darasi: Ilimin aji ba ya maye gurbin sanin mai sana'a. Wanda ya ƙi jin gargaɗi da wanda ya san gaskiya ya yi shiru, dukansu suna da hannu a ɓarnar. Ku tura wa duk mai shirin gini, da duk mai aikin da ke jin nauyin ce wa maigida a'a.