Abin Da Ilu Ya Goge A Kaset

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin kaset, sunansa Ilu. Bawan Allah ne marar hayaniya. Sana'arsa ɗaukar sauti. Duk inda makaɗa za su yi wasa a gaban jama'a, sai a kira shi da rikodarsa da wayoyinsa, ya naɗe wasan tsaf kamar kana wurin.

Ku saurara da kyau. Sana'ar tana da ƙa'ida: ana tashi daga wasa, kafin jama'a su watse, mai ɗauka zai miƙa uwar kaset hannun wanda ya shirya taron, don kada a zarge shi da kwafa a ɓoye.

To, wata ranar Asabar bayan la'asar, wani attajiri, Alhaji Nalado, ya shirya wa Bawale mai kukuma wasa. Bawale kuwa shi ne gwanin ƙasar, kuma ranar zai fito da sabuwar waƙa. Fili ya cika maƙil. Ilu ya maƙala ɗan ƙaramin makirfo a wuyan rigar Bawale, wanda ba ya zuwa lasifika, rikoda kaɗai yake shiga. Ya koma gefe ya sa abin saurare a kunne.

Ana tsakiyar sabuwar waƙar, Bawale ya bar wa masu kalangu fili, ya juya baya ya raɗa wa babban ɗan amshinsa magana. Jama'a ba su ji ba. Ilu ya ji, kaset ma ya ji.

"Ka ja amshin da tsawo, yatsuna sun daina jin tsirkiya. Likita ya ce kuturta ce ta fara. Ko iyalina ban gaya wa ba."

Jama'a, a wancan zamani wanda aka ce yana da wannan ciwo, an daina gaisawa da shi hannu da hannu, an ware masa kwano, an guji 'ya'yansa. Ga shi maganar ta zauna daram a tsakiyar waƙa, gobe za a buga ta a kai kasuwa.

Wasa ya ƙare, Alhaji na tahowa. Ilu ya mayar da kaset baya, ya danna ya goge wurin. Maganar ta tafi, ta tafi da rabin waƙar. A haka ya miƙa wa Alhaji kaset ɗin.

Washegari aka kira shi shagon Alhaji, ga Bawale, ga mutane.

"Kai Ilu, ina waƙata?" in ji Bawale.

"Ta goge, ranka ya daɗe."

"Da kanta ta goge? Ko ɓera ne ya shiga rikodar?"

"Ni na goge ta."

"Don me?"

Ilu ya dubi hannun Bawale da ke ɓoye cikin riga, ya dubi mutanen da suka zuba masa ido. Ya sunkuyar da kai, ya ce, "A yi haƙuri."

Alhaji ya yi dariya, ya ce, "Abokan hamayya sun saye shi. Dama ruwa ba ya tsami banza."

Ba a yi mako ba Bawale ya yi masa zambo, ya kira shi gara mai cin gida daga ciki. Waƙar ta karɓu. Mutumin da ya rufa wa asiri, shi ne ya tsiraita shi a duniya. Aiki ya ɗauke ƙaf. In Ilu ya shiga kasuwa, sai ya ji ana rera zambon a bayansa.

Matarsa Kubura ta ce, "Malam, na san ba ka ci amana ba. In akwai dalili, ka je ka sami Bawale a keɓe mana."

Ya ce, "Kubura, akwai abin da in mutum ya san ka sani, ya daina samun natsuwa har ya mutu. Gara ya tsane ni hankalinsa kwance."

"Mu kuma fa? Tukunya ta san wannan?"



Ilu ya sayar da rikodar, ya koma dako a tasha. Bawale kuwa ya sha magani a ɓoye ya warke, ya ci gaba da cika fili. Kuna jira in ce wata rana ya gane, ya zo yana kuka? Bai zo ba. Ilu ya rasu a ɗakin haya, sahu ɗaya bai cika ba a jana'izarsa, wasu ma da suka ji cewa suka yi, "Au, gara ce ta mutu?"

Na ga wasunku sun yi jugum. Haka ne, ba kowane alheri ake biya a nan ba. An ruwaito cewa wanda ya suturta ɗan'uwansa, Allah zai suturta shi, kuma wannan alkawarin kaɗai Ilu ya riƙe ya tafi da shi kabari.

Yau kowannenku da rikoda a aljihu. Ɗan'uwanka ya yi tuntuɓe, ka ɗauka, ka tura, kafin magariba gari ya gani. Rufin asiri ya ci wa Ilu sana'a da suna. Kai da ba zai ci maka komai ba sai ka ɗage yatsa, me za ka ce ranar da za a kunna naka kaset ɗin a gaban halitta? Ku duba wayoyinku kafin ku bar wurin nan. Abin da zai kunyata wani, ku goge shi. Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira.