Mai Aski da Sulallan Alkyabbar Santiyago

Akwai wani mai aski a garinmu da ke kan tsaunukan Guwatemala, sunansa Belarmino. Askinsa ba laifi, amma ba da aski aka san shi ba. An san shi ne da wata na'urar gano ƙarfe da ƙaninsa ya aiko masa daga ƙasar waje.

Duk Litinin sai ya rufe shago, ya saɓa na'urar, ya bi gonaki da bakin rafi. Da yamma ya dawo da murfin kwalba da tsatsattsun ƙusoshi, jikinsa buɗu-buɗu.

'Yan zaman shago kuwa ba sa raga masa. "Attajiri, yau murfin lemo aka haƙo ko na giya?"

Sai ya yi dariya ya ce, "Zauna in rage maka gashin nan, ko kunnuwanka sa sha iska."

To, a garin akwai wata dattijuwa, Doña Crisanta. Ita ce a da take yi wa mutum-mutumin waliyyi Santiyago ado ranar bikinsa, aikin da ta gada wajen uwarta. Waliyyin yana da jar alkyabba ta karammiski, an ɗinke jikinta da tsofaffin sulallan azurfa na zamanin mulkin Sifaniyawa, waɗanda muke kira makako. Da hannu aka yanke su, aka buga musu hatimi da guduma, shi ya sa kowanne da irin karkacewarsa.

Wata shekara ana gobe biki, Doña Crisanta ta sami shugaban ƙungiyar waliyyin, Don Anacleto, ta ce, "Don Anacleto, zaren sulallan nan ya ruɓe. A bar ni in sake ɗinkin kafin a fita da shi."

Ya kalle ta sheƙeƙe. "Ɗinkin kakata ne za ki kushe? Ke dai yi abin da aka sa ki."

Washegari ana cikin zagayen gari aka tsuge da ruwa. Ta yi maza ta lulluɓe waliyyin da bargo. Masu ɗauke da karagar da aka ɗora shi a kai suka gangara mashigin rafi cikin santsi, suka haye da ƙyar. Da aka isa coci aka yaye bargon, sai ga gefen alkyabba wayam, sulalla da yawa babu su.

Nan take, a kan matakalar coci, gaban kowa da kowa, Don Anacleto ya nuna ta da sandarsa. "Ke kika lulluɓe shi, hannunki ne na ƙarshe a jikinsa. Ɓarauniya!"

Aka karɓe makullin ɗakin waliyyi daga hannunta, aka ninke alkyabbar aka kulle a akwati. Kai jama'a, abin da matar nan ta gani! Masu sayen wainar masarar da take sayarwa suka watse. Ta shiga kasuwa, mata su gyara riƙon jaka. Shekara da shekaru tana zama a kujerar ƙarshe a coci, ba ta fasa zuwa ba, ba ta kuma zagi kowa ba. Abu ɗaya take roƙo, kada a binne ta da sunan ɓarauniya. Ni kaina ina tuna ta sai raina ya ɓaci, domin duk da mu aka yi shiru.

Ana nan, wata damina ruwa ya zabtare gaɓar rafi daidai mashigin. Litinin na zuwa Belarmino ya nufi wurin. Bai daɗe ba na'urar ta fara kuka, ba irin kukan murfin kwalba ba. Ya tona, ya ciro wani abu baƙi ƙirin, siriri, a karkace kamar fasasshen kasko. Ya matsa gaba, wani. Ya ƙara gangarawa, wani kuma. A jere suke bin gangaren har bakin ruwa.

Da wani mai gaggawa ne da ya dirje su da yashi ya shafe komai. Shi kuwa jiƙa su ya yi a ruwa, yana shafawa a hankali da tsohon buroshin haƙori. Sannu a hankali gicciye ya bayyana, da ɗan zaki a kusurwa. A ɗaya gefen ga ginshiƙai biyu tsaye a kan igiyar ruwa.

Ya ɗauki hoto ya tura wa wani dillalin tsofaffin kuɗi a babban birni. Ko ajiye wayar bai yi ba mutumin ya kira.

"Maigida, makako ne na gaske, azurfar Sifaniya. Kada ka goge su, kuma kada ka gaya wa kowa. Hudar nan biyu da ke jikin kowanne ta rage musu daraja, amma ni zan saya duka, gobe ma in ka shirya."

Herlinda, matar Belarmino, tana jin haka ta ɗaga hannu sama. "Allah mun gode! Rufin ɗakin nan da ke mana yoyo a ka, ƙarshensa ya zo."

Belarmino ya ƙura wa sulallan ido. Yana ta juya sule ɗaya a tafin hannu.

"Malam, lafiya? An ce ka yi arziki ka yi tsuru-tsuru."

Ya ce, "Herlinda, sulen da mata ke sawa a sarƙa huda ɗaya gare shi. Mai huda biyu ɗinka shi ake yi a jikin tufa. Kuma a mashigin rafi na same su."

Herlinda ta dubi rufin, ta dubi mijinta. Ta ja dogon numfashi, ta jawo mayafinta. "To me kake jira? Yoyo dai ba yau muka fara tara masa kwano ba."

Ranar Lahadi bayan an fito coci, Belarmino ya shimfiɗa hankici a gaban 'yan ƙungiya, ya zube sulallan. Don Anacleto ya leƙa, ya kwashe da dariya.

"Wannan gawayin? Na waliyyi farare ne tas, suna ɗaukar ido. Makako kuma ai ko'ina ana tsinta a ƙasar nan. Koma wajen almakashinka, ɗan'uwa."

Sai aka ji murya daga baya. "A fito da alkyabbar."

Doña Crisanta ce, ta dogara sanda. Don Anacleto ya buɗe baki zai hana, amma jama'a suka ɗauka gaba ɗaya, "A fito da ita! A fito da ita!" Dole ya aika aka ɗauko.

Aka shimfiɗa ta a rana. Tsawon zamani rana da hayaƙin kyandir sun koɗar da karammiskin, amma duk inda sule ya taɓa zama, wurin ya rage ja wur, da siffar sulen sak, har da karkacewarsa.

Tsohuwar ta ɗauki ɗaya, ta shafa gefensa da babban yatsa. "Wannan mai gutsurarren kunne, na kafaɗar hagu ne." Ta ɗora. Ya zauna daram, hudojinsa biyu suka faɗa daidai kan guntun zaren da ya rage.

Ta ɗauki wani. "Wannan dogon, na ƙasan gefe ne. Uwata tana kiransa harshen saniya." Shi ma ya zauna.

Jama'a suka matso kusa. Haka ta bi su har na ƙarshe, babu wanda ya rasa gurbinsa. Sannan ta ja guntun zaren da farce, ya marmashe. "Ku duba da kyau. Yankan almakashi ne wannan, ko ruɓewa?"

Wani tsoho cikin waɗanda suka ɗauki karaga a waccan shekarar ya cire hula. "Karagar ta tuntsura gefe a gangaren nan. Na ji ƙarar zubar abu. Tsoron Don Anacleto ne ya rufe min baki."

Tabɗi! Sai wuri ya kaure. Mata na rungume ta suna kuka, wasu cikinsu su ne masu gyara riƙon jaka. Don Anacleto ya zaro makulli daga wuyansa ya miƙa mata, kansa a ƙasa.

Ta ce, "Riƙe tukuna. A kan matakalar can ka kira ni ɓarauniya. Can za ka hau ka faɗi abin da ka gani yau."

Ya hau kuwa. Da bakinsa ya ce, "Doña Crisanta ba ta ɗauki komai ba. Ta gargaɗe ni, ni ne na ƙi ji." Aka saki ƙararrawar coci, masu marimba, abin kiɗanmu na katako, suka kama kiɗa ba wanda ya gayyace su. Samari suka ɗaga Belarmino a kafaɗa yana ihun a sauke shi. Kafin damina ta fita, 'yan zaman shagon nan masu tsokana su suka hau suka sake masa rufi.

Ana gobe bikin waliyyin na wannan shekarar, Doña Crisanta ta zauna a ƙofar ɗakin waliyyi da alkyabba a cinya da sabon zare. Idonta ya yi rauni, ta kasa zura shi a allura. Ta ɗaga kai ta ga wanda ke tsaye a gefe, hula a hannu.

"Don Anacleto, zo ka zura min zaren nan."

Ya durƙusa a gabanta ya zura.

Darasi: Kada ka ɗora wa mutum laifi don kawai kana da muryar da ta fi tasa, kuma in ka tsinci abin da zai wanke wani, kada ka sayar da shi don gyara naka rufin. Haƙurin Doña Crisanta bai faɗi ƙasa banza ba, gaskiyar Belarmino ma haka. Ka tura wa 'yan'uwa labarin nan, wataƙila akwai wanda aka yi wa ƙazafi yana jiran wani ya buɗe baki.