Kwamfuta Mai Gefen Gilashi

Ya 'yan uwa, ku gyara zama. An yi wani mutum a nan Illela, ba zan faɗi sunansa ba, domin ba tonon asiri ne ya tara mu ba. Mutane suna ce masa Injiniya, to mu ma mu tsaya a nan. Shagonsa yana kan hanyar da ta miƙe zuwa boda, sana'arsa kuwa gyaran kwamfuta. Allah ya ba shi hannu. Kwamfutar da aka kai Sakkwato aka dawo da ita babu labari, shi zai buɗe ta ya ɗan dudduba ya ce ga inda ciwon yake. Masu ɗaukar hoto da masu buga takardu da makarantu duk wurinsa suke zuwa, har mutanen Ƙonni suna tsallakowa da nasu. Mutum zai ajiye masa kayansa ya juya ya tafi, ko takardar shaida ba ya nema.

Shi wannan Injiniya yana da buri guda da ya cika masa ciki. So yake ya haɗa kwamfutar buga gem, wato wasan kwamfuta, da hannunsa, irin ta tebur, wadda babu kamarta daga nan har Gwadabawa. Ni da nake gabanku ban san kan abin ba, sai da aka zaunar da ni aka yi mini bayani kamar ɗan aji ɗaya. Ashe ita ba a sayenta ɗungurungum. Zaɓe ake yi ɗaya bayan ɗaya. Akwai babban allon da komai yake hawa kansa, suna ce masa bod. Akwai firosesa, ita ce ƙwaƙwalwar. Akwai ram, wasu 'yan sanduna da ke sa aiki ya yi sauri, sai katin hoto mai fito da wasan tangaram a kan sikirin, sai disk inda ake ajiya, sai tukunyar wuta mai raba wa kowa abincinsa. Kuma wai ba kowanne ne yake zama da kowanne ba, sai wanda jininsu ya haɗu.

Kai, ku zo ku ga Injiniya idan ana wannan zance! Idonsa har ƙyalli yake yi. Tuwo zai huce a gabansa yana kallon bidiyon masu haɗawa a waya. Ya samo bayan kwali ya zana akwatin da za a jera su a ciki, ya zana inda iska za ta shiga da inda za ta fita, domin ya ce zafin Illela ba na fanka biyu ba ne, sai shida. Abokansa na shago sun haddace karatun tun ba su so. Yau ya ce wannan firosesa ita ce, gobe ya ce a'a, ta cika zafi, waccan ta fi. Ranar da akwatin ya iso daga Kano a motar kaya, baƙi wuluk, gefensa guda gilashi ne zalla don a riƙa ganin ciki, rungume shi ya yi tun daga tasha har shago, ya ƙi yarda a ɗaura a bayan babur.

Akwatin nan da fankokin da bod da firosesa, duk da guminsa ya saya. Har zuwa nan babu wanda zai ɗaga masa yatsa. Ba kuma hukuncin gem na zo yi muku ba yau, wannan zama ne na daban.

To amma sauran kayan sun fi ƙarfin aljihunsa, shi kuma haƙuri ya ƙare masa. Kullum ya shigo shago sai akwatin nan ya dube shi da cikinsa fayau.

Rannan Bashar mai hoto, maƙwabcinsa, ya kawo kwamfutarsa a share mata datti. Injiniya ya buɗe, sai ga sandunan ram huɗu reras, irin waɗanda bod ɗinsa yake so. Zuciya ta ce masa, mutumin da hoton fasfo ne aikinsa, me zai yi da wannan ƙarfi haka? Ya zare biyu, ya maye da wasu masu rauni, ya ɗaure. Bashar ya karɓa ya yi godiya. Da kwamfutar ta fara jan ƙafa, sai ya ɗauka tsufa ne.

Kun ga an buɗe ƙofa? Wanda ya yi na farko ba a gane ba, me zai hana shi na biyu?

Sai Mukhtari, wani mai haɗa bidiyon biki daga Ƙonni, ya kawo tasa tana ɗaukewa. Waya ce kawai ta saki a ciki. Amma akwai katin hoto a cikinta mai fanka uku, wanda Injiniya ya daɗe yana gani a waya yana haɗiyar yawu. Ya ce wa Mukhtari wuta ta ƙone katin, ya sa masa wani ƙarami. Shi kuma babban katin ci gare shi, ƙaramar tukunyar wuta ba ta ɗaukarsa, don haka sai da ya kwance babba daga kwamfutar wata makaranta da aka kawo gyara. Haka abin yake, ya 'yan uwa. Kowane ɗaya idan ya shigo sai ya aika a kira ɗan'uwansa.

Saura abu guda. Disk ɗin da yake da shi tsoho ne mai nawa, shi kuma a jikin bod ɗinsa akwai wani ɗan gurbi na sabon samfuri, siriri kamar yatsa, mai saurin gaske. Gurbin nan ya tsaya masa a rai.

Ana nan sai ga Sahabi, abokinsa tun na ƙuruciya. Mahaifin Sahabi malami ne, Allah ya jiƙansa, kuma a zaurensa Injiniya ya yi babbaƙu da farfaru. Sahabi ya zo da kwamfutar hannu ta yayarsa, Malama Mu'minat, mai koyarwa a Islamiyya. Baiwar Allah nan shekara biyu ta yi tana juye kaset-kaset na tafsirin azumin mahaifinsu zuwa cikinta, karatun shekara ashirin da wani abu. Ba a daɗe da gamawa ba ruwan damina ya shiga ɗakin ajiya ya lalata kaset ɗin. Abin da ya rage na muryar Malam a duniya yana cikin wannan kwamfuta, ga shi ta ƙi kamawa.

Sahabi ya ce, "Don Allah ka lallaɓa ta. Muryar Baba na ciki, ba mu da wata."

Bakin caji ne ya lalace, aikin rabin sa'a. Amma da Injiniya ya ɗaga murfin, me zai gani? Ɗan siririn disk ɗin nan, daidai gurbinsa. Ya daɗe yana kallonsa. Ya san abin da ke ciki, ai da kunnensa aka gaya masa. Ya kwance shi ya jefa a aljihu, ya lalubo wani matacce a kwalin tarkace ya ajiye a kan tebur.

Da Sahabi ya dawo ya nuna masa. "Sai haƙuri, abokina. Disk ɗin ya mutu, wuta ta cinye shi."

"Babu wata dabara?"

"Ko Legas anka kai shi, ba ya tashi. Na dai sa mata wani ƙarami, kyauta, don ta samu na aiki."

Idon Sahabi ya kawo ruwa. Sannan ya kama hannun Injiniya da hannu biyu ya ce, "Ka yi iyakar ƙoƙarinka. Allah shi yi ma hannun ga albarka."

Labari ya zo cewa Malama Mu'minat ta yi kuka kamar ranar aka yi rasuwar, kwana biyu ba ta fita makaranta ba. Injiniya ya ji, abin ya ɗan sosa masa rai, sai ya koma ɗaure wayoyin fankokinsa. Kwana tara disk ɗin nan yana aljihunsa. Kwana tara Allah yana ba shi dama ya taka zuwa gidan Malam ya ce na yi kuskure. Bai je ba.

Ya gama haɗa kwamfuta, ya gwada ta da tsohon disk ɗinsa, ta tashi lafiya lau. Sai ya sa ranar kasuwa ta zama ranar buɗewa, ya gayyaci abokai, har da Sahabi, wai ya zo ya ɗebe kewa. Da hantsi ya soke ɗan siririn disk ɗin a gurbinsa, da niyyar ya goge shi tas kafin kowa ya iso. Bai kai ga kunnawa ba sai ga jama'a sun cika shago. Wannan yana shafa gilashi, wancan yana tambayar sunan katin, wani ya riga ya fita ya tayar da janareta. "Kunna muna, Injiniya! Kunna mu gani!" Daɗi ya kwashe shi. Ya gyara hula, ya jona manyan sifikun da ya tanada don ƙarar wasa, ya yi bisimilla da bakinsa, ya danna.

Fankoki shida suka ɗauka gaba ɗaya. Wuta ta zagaye cikin gilashin, ja ta koma shuɗi, shuɗi ya koma kore. Shago ya kaure da sowa, Bashar har da tafi. Injiniya ya tsaya yana murmushi, ƙirjinsa kamar ya fashe.

Abin da ya manta shi ne, bod idan ya ga disk biyu, akwai wanda yake fara nema. Ya nemi sabon. Sikirin ya yi baƙi, ya ɗan yi juye-juyensa, sannan ya washe. Sai ga fuskar Malam ta cika shi, da farin rawaninsa, yana zaune a kan buzu.

Sowa ta mutu. Babu abin da ake ji sai janareta.

Sahabi ya matso a hankali, ya ɗora hannu a kan linzamin kwamfutar. A gefe guda an rubuta "Karatun Baba". Ya buɗe, ya danna na farko. Sai aka ji gyaran murya, irin wadda duk wanda ya tashi a unguwar nan ya sani, ta fito ta cikin manyan sifikun nan har bakin titi: "Ku matso gaba, na baya ba su ji."

Ya 'yan uwa, mutumin da aka binne shekara huɗu! Masu wucewa suka tsaya cak. Wata tsohuwa mai ɗauke da ƙwarya ta sauke ta tana salati. Kafin a ce haka ƙofar shago ta cika maƙil, Malam yana ta jan karatunsa.

Sahabi bai ɗaga hannu ba, bai yi zagi ba. Ya juyo ya dubi abokinsa ya ce, "Mi munka yi maka? Na riƙe hannunka na yi maka addu'a. Da bakina."



Cikin waɗanda muryar ta jawo har da Mukhtari, ya shigo cin kasuwa. Ya leƙa ta gilashin nan da aka zaɓa don a ga ciki, ya kuwa gani. Katinsa ne, ga ma fiffiken fankar da ya taɓa karyewa ya liƙe da gam. Bashar ya sunkuya ya ƙura wa ram ido, ya tuna jan ƙafar kwamfutarsa. Aka kashe na'ura, aka miƙa wa Injiniya sukuddireba, aka ce shi ya ɗaura, shi zai kwance. Da hannunsa, a gaban kasuwa, ya riƙa zarewa yana miƙawa. Sahabi ya naɗe disk ɗin a hankici ya tafi kai wa yayarsa. Kafin azahar shugaban makarantar nan ma ya aiko a karɓo tukunyar wutarsu. Abin da ya rage a kan tebur, akwati ne da bod da firosesa, sai fankoki shida da babu wutar da za ta juya su.

Ba a kai shi gaban hukuma ba, iyalan Malam sun ce a bar shi. Amma garin bai bar shi ba. Duk wanda na'urarsa ta taɓa kwana a shagon sai ya fara zargi, har wanda ba a taɓa masa komai ba. Labari ya tsallaka Ƙonni tun kafin la'asar. Mutumin da ake bar wa kwamfuta ba takarda, ya koma ko cajin waya ba a ba shi. Ya yi wata biyu yana buɗe shago yana korar ƙuda, daga nan ya rufe, ya bar garin. Bai taɓa buga wasa ko ɗaya a kanta ba.

To, ya 'yan uwa, kada wani ya ce ai ni ba na gyaran kwamfuta. Kai tela, ina ragowar yadin mutane? Kai bakanike, da ka ce an canza sabo, sabon ne? Duk wanda aka miƙa wa abu aka juya baya saboda ba a san cikinsa ba, amana ce a wuyansa, kuma rashin sanin mai kaya shi ne yake ƙara mata nauyi. Injiniya ya iya zaɓe, ya san abin da ya dace da bod ɗinsa sarai, amma bai taɓa tsayawa ya tambayi na wane ne ba.

Shi nasa an kwance a duniya, a gaban 'yan kasuwar Illela, kuma yana da sauran numfashin da zai tuba. Malamai sun sanar da mu akwai ranar da masu haƙƙi za su zo ɗaya bayan ɗaya a gaban dukkan halitta, kuma ba ram ko katin hoto za a zare ba. Sallarka za a zara, da azuminka, a miƙa wa mai shi kana kallo. Wanda yake da abin wani a aljihu, kada ya jira kwana tara. Ya mayar yau, kafin magariba.

Allah ya tsare hannayenmu daga abin da ba namu ba, ya ba mu ƙarfin mayar da wanda muka riga muka ɗauka. Allah ya jiƙan malamanmu. Ya Allah ka kiyaye mu, kada ka kwance mu a gaban bayinka. Amin.