Man Kaɗanya a Kan Tabarau

An yi wani mutum a wani gari, daraktan asibitin ido, wanda bayan dogon nazari ya tabbatar da cewa darajar kowace ma'aikata a launinta take, kuma babu launin da ya dace da manya sai ruwan zinare. Haka ya faɗa a taro, aka tafa, aka rubuta. Alhaji Lawandi sunansa. Amma ku saurara, jama'a, ba labarinsa na zo ba ku ba. Shi yana da masu ba da labarinsa.

A asibitin nan akwai wani bawan Allah, ana ce masa Sallau. Ofishinsa kusa da sito yake, ba taga. Shekara shida yana wurin, amma rabin ma'aikata sun ɗauka mai gyaran fanka ne. Shi kaɗai yake cin abinci, shi kaɗai yake fita masallaci, shi kaɗai yake dawowa. Aka ba shi aikin shirya shafin intanet inda marasa lafiya za su nemi ranar ganin likita, don kada su taso daga ƙauye su tarar layi ya cika. Ba shi ya gina tsarin ba, an riga an ƙera shi, kamar gidan da magina suka gama. Nasa fenti ne: launi, girman haruffa, kamannin maɓallin da ake dannawa. Duka a fayil ɗaya suke. Layi guda za ka taɓa, shafin gaba ɗaya ya sake riga.

Darakta ya ba da umarni: rubutu siriri, ruwan zinare, a kan fari.

Sallau ya yi. Ya yi kyau kuwa, kamar katin biki. Sai ya yi abin da ya saba. Ya lakato man kaɗanya ya shafe tabaraunsa, ya ɗauki tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi, ya fita tsakar rana. Haka mahaifiyarsa, Allah Ya ji ƙanta, take ganin duniya bayan yanar ido ta kama ta. Ya duba, ya sake dubawa. Fari fat, ba ko harafi. Ya koma ya mai da shi baƙin rubutu mai kauri a kan rawaya. Muni kam akwai shi, kamar allon tashar mota. Amma ana gani.

Ɗanlami, jami'in yaɗa labarai, ya leƙo. Ranar ce ya fara sanin hanyar ofishin.

"Malam Mai Shafi, wannan fa? Keke-napep ka zana mana?"

"Marasa lafiya ba sa ganin zinaren."

"To ka ce wa Oga tsarin ne ya ƙi. Me ya sani? Ko wayarsa sakatariya ke buɗe masa."

"Tsarin bai ƙi ba. Ni na ƙi."

"Allah Ya ba da sa'a," in ji Ɗanlami, ya ja ƙofa.

Ku saurara da kyau. Ƙarya ce ƙarama, ko kuka ba ta yi. Da ya yi ta, da ya tsira da aikinsa, marasa lafiya su tsira da shafinsu. Sallau ya auna ta, ya ajiye.

Darakta ya kira shi.

"Kai ne wa?"

"Sallau ne, ranka ya daɗe. Mai shafin."

"Ina zinarena?"

"Na cire, ranka ya daɗe. Ga tabarau, a gwada a gani."

Darakta ya dubi tabarau mai naso da maiƙo, ya dubi farar rigarsa.

"Injin ne ya kasa?"

"A'a, layi ɗaya ne. Hannuna ne ba zai iya ba."

"To hannun ya tafi gida ya huta."

Aka miƙa aikin ga Ɗanlami. Ya taɓa nan, ya taɓa can, shafin ya birkice. Ya mayar da komai yadda Sallau ya bari, ya je ya ce tsarin ne ya ƙi, wai haka ƙasashen waje suke yi yanzu. Darakta ya gamsu nan take. Tsofaffi suka riƙa neman rana da kansu, ba sai sun roƙi jika ba. Shekara na zagayowa aka ba Alhaji Lawandi lambar yabo saboda tausayin masu raunin gani. Ya yi jawabi mai ratsa zuciya. Lambar kuwa ruwan zinare ce.

Za ku ce, to Malam, ai ƙarya ta ci riba. Ta ci, a inda ake raba lamba. Ni ban yi muku alkawarin gaskiya za ta ba ku kujera ba. Abin da nake gaya muku shi ne: aikin da aka damƙa maka amana ce ta wanda zai yi amfani da shi, ba ta mai yanke kintinkiri ba. Kai tela, kai mai rubuta takardar magani, ke malamar aji, yaushe rabonku da duba aikinku da idon mai rauni? Ku yi don Allah, ku faɗi gaskiya a kai, kada ku tsaya jiran tafi.

Sallau kuwa, yanzu gyaran waya yake a wata rumfa bayan kasuwa. Rannan wata tsohuwa ta kawo tata, ta nuna masa shafin, ta ce, "Ɗan nan, kullum ina yi wa Daraktan nan addu'a."

Ya goge gilashin wayar da gefen rigarsa, ya miƙa mata.

Ya ce, "Amin, Baba."