Akwatin Wutar da Eskil Ya Ce Ya Sani

Jama'a, akwai wani makaniken jirgin ruwa a birnin Bergen na bakin teku, sunansa Eskil Brandvold. Shekara ashirin da biyu ya yi yana gyaran injinan dizal, har kamfaninsu ya rufe. Wata takwas ke nan yana zaune a gida, matarsa Tordis ce kaɗai ke fita aiki.

Wata Talata aka kira shi ganawar neman aiki a wani wurin gyaran jiragen fito.

Mutum biyu suka tarbe shi: Gunvor, manajar wurin, mace mai ƙarancin magana, da Halvard, shugaban makanikai, dattijo mai barkwanci. Halvard ya zuba masa kofi, ya ce ya sha a hankali, don ko injin aka zuba wa wannan kofin sai ya tashi.

Da farko komai ya tafi daidai. Duk abin da suka tambaya kan dizal, kafin su rufe baki ya amsa. Halvard sai gyaɗa kai yake yi.

Can sai Gunvor ta ajiye biro. "Rabin jiragen da ake kawo mana yanzu da batir suke aiki. Ka taɓa aiki a kansu?"

Bai taɓa ba. Amma ya tuna samarin da ya gani a waje suna jiran layi, ya tuna furfurar kansa, ya tuna wata takwas ɗin nan.

"Sosai ma," in ji shi. "Na san su ciki da waje."

Halvard ya miƙe yana murmushi, ya ce ai kuwa akwai ɗaya a bakin ruwa, su je su leƙa.

Eskil ya ajiye kofin, ya tashi.

Suka fita cikin yayyafi su uku. Tafiyar ba ta fi minti biyar ba, kuma a kowane taku yana cewa a ransa yanzu zai faɗi gaskiya. Bakinsa ya ƙi buɗuwa. Suka hau jirgin, suka sauka ƙasa zuwa ɗakin batir.

Ɗakin fes, babu warin mai, babu ko abu ɗaya da ya saba gani. Akwatuna ne jere, kowanne da alamar haɗari. Halvard ya miƙa masa safar hannu mai kauri, ya nuna akwati ɗaya. "Kafin a buɗe wannan, sai an kashe wuta. Nuna mana da wanne kake farawa."

Mariƙai uku na kashe wuta ne a jikin bango. Eskil ya tsaya yana kallonsu. Ya san wutar da ke irin wannan ɗaki tana kashe mutum nan take, kuma ba shi kaɗai ke tsaye a wurin ba. Ya ɗaga hannu wajen na tsakiya.



Ya sauke hannun, ya zare safar. "Ban sani ba. Ban taɓa shiga irin wannan ɗakin ba. Ƙarya na yi."

Halvard ya karɓi safar, ya ce tun safe aka kashe wutar, da bai bar shi ya matso kusa ba. Murmushin nan ya tafi. Gunvor kuwa ta gode masa da zuwa, ta ce za su kira shi.

Bayan ya tafi, Halvard ya yi ta roƙon Gunvor ta ɗauke shi. Ya ce bai ga mai hannun dizal kamarsa ba, kuma ai mutumin ya tsaya, bai ja komai ba. Gunvor ta tambaye shi abu ɗaya: da a ofis aka gama ganawar, yaushe za su gane ƙarya ya yi?

Ranar Juma'a wayar ta shigo. Eskil da Tordis suna kicin, ya saka ta yadda duka za su ji.

Gunvor ba ta yi kwana-kwana ba, ta ce sun ɗauki wani. Cikin mutum bakwai da suka gana da su, babu ko ɗaya da ya san batir, shi ya sa tun farko suka shirya horo na mako shida ga duk wanda aka ɗauka.

"Kai ne na farko a takardata, Eskil, har zuwa wannan tambayar. Rashin sani muna da maganinsa a nan. Amma ina da mutum goma sha huɗu da ke saka hannu cikin akwatunan nan idan abokin aiki ya ce musu ya kashe wuta. Dole in yarda da maganar wanda ya faɗa."

Ta yi masa fatan alheri, ta kashe wayar.

Tordis ba ta yi masa faɗa ba. Ta zauna kusa da shi. Daga baya ya tashi, ya kunna kwamfuta, ya fara neman inda ake koyar da aikin batir.

Darasi: Idan aka tambaye ka abin da ba ka sani ba a wurin neman aiki, ka ce ba ka sani ba, amma a shirye kake ka koya. Mai ɗaukar aiki zai iya koya maka sana'a, amma idan ya kama ka da ƙarya sau ɗaya, duk gaskiyar da ka faɗa kafin nan ta zube. Ku tura wa duk wanda kuka san yana shirin zuwa ganawa, ko zai tsira daga irin wannan kuskure.