Ɗorawar Tabawa da Tsohon Jemage

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku matso, muryata ba ta kai nesa yanzu.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wata tsohuwa ce, Tabawa mai daddawa. Da can ɗorawa ta cika dajin garinsu, har ya zamana saura guda ɗaya. Ita ma shekara biyu tana fure, ba ta 'ya'ya. Ba kalwa, ba daddawa, ba abin da Tabawa za ta kai kasuwa.

Rannan da hantsi ta zauna a gindinta, ta ce, "Ke ma kin gaji ko?"

Sai ta ji daga sama, "Ba ita ta gaji ba, Iya, ni ne."

Ta ɗaga kai, ga wani tsohon Jemage a rataye. Ya ce, "Mu ke shan furen nan, mu kai garinsa daga wannan zuwa wancan, sannan ta haihu. Dangina sun ƙare. Ni kaɗai, fiffikena duk ɓula, zan aurar da fure dubu?"

Tabawa ta ɗauki sanda, ta tafi wurin Barau maharbi. Ta ce, "Ɗan nan, ka bar jemagu su huta."

Ya ce, "Iya, da can gada nake harbi. Tanimu ya sare dajin, gada ta gudu. Je ki wurinsa."

Ta tafi wurin Tanimu mai gawayi. Ta ce, "Ɗan nan, ka bar itatuwa su huta."

Ya ce, "Iya, in ban sare ba Jatau zai cinna musu wuta. Je ki wurinsa."

Ta tafi wurin Jatau manomi. Ta ce, "Ɗan nan, ka bar ƙona daji."

Ya ce, "Iya, ƙwari sun cinye mini gona. Barau ya kashe masu cin ƙwarin. Je ki wurinsa."

Ta dawo gindin ɗorawa, ƙafafunta sun kumbura. Jemage ya ce, "Yaya hanya?"

Ta ce, "Kowa na da gaskiya, kowa na da laifi."

Ya ce, "To ke kin taɓa kama kaji uku ɗaya bayan ɗaya? Tsaba ake zuba musu wuri guda."

Sai Tabawa ta kira gayya, wai a gyara mata danga. Kun san ba a ƙin gayyar tsohuwa, ba a kuma tashi ba a ci tuwon gayya ba. Duka ukun suka zo. Da aka gama ta ajiye musu akushi ɗaya, da miyar kuka ba daddawa.

Barau ya kai loma, ya yamutsa fuska. Tanimu ya ce, "Iya, an manta wani abu." Jatau ya ce, "Wannan miya ce ko ruwan wankin kai?"

Ta ce, "Ku cinye. Ku kuka dafa ta, ni murhu kawai na hura. Baɗi ma ita za ku sha, ku da 'ya'yanku."

Suka soma nuna juna da yatsa. Ta ce, "Na ji wannan a gidajenku. Yau ga ku gwiwa da gwiwa. Wa zai fara bari?"

Ba wanda ya yarda ya fara, kowa na tsoron ya bari ɗan'uwansa ya ci riba. Sai da rana ta karkata suka ce to su bari tare. Jatau zai daina wuta, ya kewaye duk ɗan tsiron ɗorawa da garma. Tanimu zai tsaya a busasshen itace da rassan da Jatau ya sassabe. Barau zai rataye baka duk lokacin fure. Kowa kuma ya sa ido a kan sauran biyun.

Ba da wuri aka ga amfani ba, jikokina. Jemagu sun dawo kaɗan-kaɗan. Gada ba ta dawo ba har yau. Tabawa kuwa kalwa ƙwarya ɗaya ta samu ta dafa kafin ta rasu.

Shi ya sa in kun ga ɗorawa tsaye a tsakiyar gona, manomi na kewaye ta, alkawarin nan ne. Abin da hannu uku suka ɓata, hannu ɗaya ba ya gyara shi.

Ƙurunƙus, kan ɗan kusu. Ku tashe ni, bayana ya riƙe.